Waƙar "Africa" Ta Toto: Ba Na Fushi, Ba Na Kuma Godiya

Ranar da aka yi ruwan farko na bana a unguwarmu, ɗan ƙanwata ya tsaya a bakin zaure yana ɗaukar bidiyo da wayarsa. Yara sun tuɓe riguna suna tsalle a ƙarƙashin indararo, awaki sun raɓe a jikin katanga, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Kafin isha'i ya ɗora bidiyon a WhatsApp, ya haɗa shi da wata tsohuwar waƙar Turawa, ya rubuta a ƙasa: "Waƙar nahiyarmu."

Washegari da sassafe wani abokina, malamin tarihi a wata makarantar sakandare, ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, ka ga abin da ɗanka ya sa kuwa? Ka ce masa ya goge. Waƙar raini ce wannan. Mutumin da bai taɓa taka ƙasar nan ba ya zauna a Amurka ya yi kuɗi da sunanmu, mu kuma muna tafa masa."

Da na tuntuɓi yaron sai ya yi dariya. "Haba Kawu, ai yabonmu suke yi. Duk duniya an san ta."

Waƙar da ake magana a kai ita ce "Africa" ta ƙungiyar Toto, wadda ta fito a 1982. Tun ina yaro nake jin ta a rediyo, kuma har yau in ta taso ba na canza tasha. Ni a ganina, daga malamin har yaron babu wanda ya dace. Waƙar ba zagi ba ce, ba kuma yabo ba ce, don tun farko ba da mu ake ba. Abin da ya kai ta inda ta kai shi ne ƙwarewar waɗanda suka buga ta. Nan ne ya kamata a tsaya a duba, nan ne kuma su duka biyun suka tsallake.

Makaɗan haya

'Yan Toto yawancinsu mutanen Los Angeles ne. Kafin su kafa ƙungiya a 1977, makaɗan haya ne: mawaƙi ya shiga situdiyo, a kira su, su yi masa kiɗa, a sallame su, su wuce wani ɗakin. David Paich mai fiyano ɗan Marty Paich ne, sanannen mai tsara kiɗa. Jeff Porcaro mai ganguna da ƙaninsa Steve 'ya'yan Joe Porcaro ne, shi ma makaɗi. Gado suka yi, kamar ɗan makaɗin kalangu da ke tashi da kuntuku a hannu tun bai iya wanke fuska ba. A shekarar da waƙar ta fito, hannunsu na cikin kundin Thriller na Michael Jackson: Jeff ne ya buga ganguna a "Beat It", Steve Lukather ya buga jita, Steve Porcaro kuma shi ya tsara kiɗan "Human Nature".

Irin kiɗansu shi ake kira rok mai sanyi. Jita ba ta kururuwa, ganga ba ta razana mutum, murya a gyare tsaf. Kiɗan cikin mota ne da ofis da ɗakin jiran likita. Masu sharhin kiɗa na lokacin sun raina su, suna cewa tsabtar ta yi yawa, ba zuciya a ciki.

Sun yi tashe a 1978 da "Hold the Line", sai kundi biyu da suka biyo baya suka ƙi kasuwa. Kamfanin Columbia mai fitar da faifansu ya fara ɗaure fuska. Kundi na huɗu ya zama na ko a mutu ko a yi rai.

Paich ya sha faɗa a hirarraki cewa wani dare ne ya kalli shirin talabijin a kan yunwa da wahala a Afirka, abin ya tsaya masa a rai. Makarantar Katolika ya yi, wasu daga malamansa sun yi aikin mishan a Afirka, suna ba su labarin kaɗaicin da suka sha da yadda suke sa wa komai albarka: mutane, littattafai, amfanin gona, har ruwan sama. Daga nan amshin "Africa", na sa wa ruwan Afirka albarka, ya samo tushe. Yana taɓa wata fiyanon lantarki ta Yamaha mai suna CS-80 karin ya zo masa, amshin ya biyo baya cikin kamar minti goma. Baitocin kuwa sai da ya yi wata shida yana juya su. Sifar ƙasa da duwatsu daga mujallar National Geographic ya tsinto.

"Ai bai taɓa zuwa ba"

Gaskiya ne, bai taɓa zuwa ba. Su da kansu ba su ɓoye ba. Jeff Porcaro, wanda aka rubuta sunansa tare da na Paich a matsayin masu waƙar, ya bayyana ta da cewa yaro ne farar fata ke ƙoƙarin yi wa Afirka waƙa, da yake bai taɓa zuwa ba, sai abin da ya gani a talabijin. Sai a ƙarshen shekarun 1990 Paich ya taka nahiyar, da suka je wasa Afirka ta Kudu.

To amma yaushe zuwa ya zama sharaɗin waƙa? Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, da kalangu da 'yan amshi. Shata bai shiga kumbo ba, bai kuma karanta ilimin sararin samaniya ba. Ya ji labari ne, abin ya ba shi mamaki, ya yi abin da ya iya. Masu bege nawa ne suka siffanta Madina, suka sa jama'a hawaye, alhali ko fasfo ba su mallaka ba? Ba wanda ya tare su ya ce su nuna biza. Shauƙin wurin da ba ka taɓa gani ba tsohon jari ne na mawaƙa, kuma mu ma mun ci kasuwa da shi.

Sannan wanda ya natsu ya saurari baitocin zai ji cewa waƙar soyayya ce. Wani mutum ne ke jiran jirgin da zai sauke wata mace cikin dare, zuciyarsa ta rabu biyu tsakanin ita da wani wuri da ke jan sa. Afirka a ciki labule ce kawai. Duk wanda ya yi hoton sallah a shagon mai hoto na da ya san labulen nan da ake ratayawa a baya: dogayen benaye, gada, jirgin sama na tashi. Ka tsaya a gabansa da sabuwar shadda, ka dafa teburi mai furen roba, a ɗauka. Ba wanda ya ce mai hoto ya raina Landan don ya zana ta a ƙyalle. Ba kuma wanda ya ce ya yabe ta.

Inda Malam ya yi gaskiya

Sai dai misalin labulen nan yana da iyaka, kuma abokina bai bar ni na wuce ba sai da ya nuna mini ita. Mutumin Landan bai damu da labulen mai hotonmu ba don duniya na da hotunan Landan dubu. Ba'amurken 1982 kuwa hotunan Afirka uku ne a kansa: yunwa, namun daji, da ɗan mishan. Waƙar ba ta ƙara masa na huɗu ba. Babu birni a ciki, babu kasuwa, babu mutum mai suna. Ganguna ne cikin dare, karnukan daji na kuka, da wani tsoho da aka tare a hanya don a ji tsofaffin kalmomi a bakinsa.

Ga kuma kuskuren da kowa ke yi wa dariya. Waƙar ta ɗora Dutsen Kilimanjaro a kan filin Serengeti. Duka biyun a Tanzaniya suke, amma akwai ɗaruruwan kilomita a tsakani. Hoton nan da aka saba gani na giwaye a gaban dutsen, daga Amboseli ta Kenya ake ɗaukarsa. Kamar mawaƙi ne ya ce daga kan Dala yana hango Dutsen Zuma. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne kwatancen: an auna Kilimanjaro da Dutsen Olimfus na Girka don a nuna girmansa, alhali Kilimanjaro na da tsayin mita 5,895, Olimfus kuwa bai kai mita 3,000 ba. An ɗauki raƙumi an ce ya yi tsayi kamar jaki.

Bidiyon da Steve Barron ya shirya ya ƙara dagula lamarin: ɗakin karatu, taswirar duniya, wani mashi da aka jefo daga waje, fitila ta faɗi, gobara ta tashi. Wannan kam ba ni da abin kare shi.

Akwai kuma maganar albarka, wadda ita ce zuciyar amshin. Mutumin cikin waƙar shi ke sa wa ruwan Afirka albarka. A nan ba haka abin yake ba. Mu ba ma sa wa ruwa albarka, ruwan ne rahamar, mu ne masu roƙo. Wanda ya taɓa fita filin idi sallar roƙon ruwa, tsofaffi da yara, bayan gero ya fara nannaɗe ganye a gona, ya san wa ke bayarwa, wa ke karɓa. Harshen ɗan mishan ne ya shigo waƙar, Paich ya gaje shi daga malamansa bai ma lura ba.

Yaron da ya ce "waƙar nahiyarmu" kuma ya kamata ya san abin da nahiyar ke ciki a makon da waƙar ta hau kan jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin Najeriya. 'Yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka kwashi kaya a jakar nan mai layi-layi da har yau ake kira da sunansu, suka cika tashar jirgin ruwa ta Apapa da iyakar Seme. Fari na ƙaratowa yankin Sahel. A Legas Fela na ta fama da hukuma, King Sunny Ade kuma bai daɗe da fitar da kundin Juju Music a kamfanin Island ba, a 1982. Wannan ita ce Afirkar lokacin, da zafinta da kiɗanta. Ko ƙamshinta babu a waƙar Toto.

Duk na yarda da wannan. Inda na rabu da Malam shi ne sunan da ya ba abin. Jahilci ne, irin na mai kyakkyawar niyya da ya kalli talabijin ya ji tausayi. Raini wani abu ne daban, kuma mun san kamanninsa.

"Sun sace kiɗanmu"

Wannan zargi ne mai nauyi, don haka a duba abin da aka yi a ɗakin.

A situdiyon Sunset Sound da ke Hollywood aka ɗauki waƙar a 1981. Jeff Porcaro ya ba da labarin cewa yana yaro ya je bikin baje kolin duniya na New York, wanda aka yi a 1964 da 1965, ya shiga rumfar Afirka ya ga makaɗa na buga ganguna. Abin da ya kama shi shi ne yadda kowa ke riƙe da nasa bugun ba ya sakewa, bugun wannan na shiga cikin na wancan, har mai sauraro ya ji kamar an ɗauke shi. Wannan yanayin ya so ya dawo da shi.

Ga yadda suka yi. Shi da Lenny Castro mai gangar konga suka zauna, aka kunna tef, suka yi ta buga abu ɗaya na kusan minti biyar, ba waƙa, ba na'urar ƙidaya a kunne. Suka koma suka saurara, suka zaɓi gaɓar da ta fi zama daidai, wurin da bugun ya kwanta. Aka sa reza aka yanke wannan ɗan guntun tef, aka haɗa bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe, aka bar shi yana ta kewayawa a cikin na'ura. A kan wannan zoben aka gina waƙar duka. Aka ɗora ƙuge da kacau-kacau, Joe Porcaro, uban su Jeff, ya buga marimba, Jim Horn ya busa sarewa. Sautin nan mai kama da kalimba, 'yar akwatin ƙarafa dangin agidigo, daga wata fiyanon Yamaha ce mai suna GS-1. Paich ya rera baitoci da muryarsa mai kauri, Bobby Kimball ya ɗaga amshi sama, Timothy B. Schmit na ƙungiyar Eagles ya taya su.

A lokacin akwai injin ganga na Linn a kasuwa. Jeff ya ce da sun so, cikin minti biyu za su shirya bugun a injin, maimakon rabin awar da suka ɓata. Amma inji ba ya ba da wannan ɗanɗanon. Wannan maganar ce ta fi zauna mini a cikin duk tarihin waƙar. Zoben nan maimaici ne kamar na inji, amma abin da ake maimaitawa hannun mutum ne, da ɗan jinkirinsa da ɗan nauyinsa. Shi ya sa kunne ba ya gajiya da shi.

To a ina satar take? Ba su ɗauki karin wani ba, ba su ɗauki baitin wani ba, ba wani makaɗin Afirka da ya taɓa fitowa ya ce nasa ne. Dabara suka koya, ta riƙe bugu da jera shi hawa-hawa, kuma dabara ba ta da mai ita. In koyon dabara sata ce, sai mu fara mayar wa Indiyawa rabin waƙoƙin finafinanmu.

Mai neman sata ta gaske ba sai ya wahala ba. Solomon Linda, Bazulu ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki waƙarsa "Mbube" a 1939, ya sayar da haƙƙinta a kan kuɗi ƙalilan. Amurkawa suka juya ta ta zama "The Lion Sleeps Tonight", ta hau lamba ɗaya a jadawalin Amurka a 1961. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 aka sasanta da 'ya'yansa. Manu Dibango na Kamaru sai da ya bi Michael Jackson ta hanyar shari'a a kan amshin "Soul Makossa" da aka ɗauka aka sa a cikin Thriller, kafin a sasanta. Waɗannan su ne wuraren kai fushi. Malamin tarihi da ya kashe kuɗin waya a kan Toto bai taɓa kira na a kan Linda ba.

Bari in ɗan kauce. Kwanakin baya na raka wani matashi situdiyo a Kano. Ɗaki ɗaya ne, an liƙa katifar soso a bango, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga makirfo, gumi na zuba. Mai kiɗa ya danna maɓalli a fiyano, bugu ya fito shiryayye, irin wanda na ji a waƙoƙi goma a kan hanyar zuwa. Ya ce, "Oga, wannan ya yi?" Matashin ya ce ya yi. Kafin la'asar an gama waƙa uku, don ana tsoron a ɗauke wuta, kuma akwai mai jiran layi a waje. Ban zargi kowa ba, na san abin da ake biya. Amma a bakin titin nan akwai makaɗan kalangu da ke bin biki, waɗanda hannunsu ya fi na injin nan sau ɗari. Abin da Jeff Porcaro ya yi, a yau ko reza ba ya buƙata. Makaɗi ɗaya ne, makirfo ɗaya, da rabin awa.

Lamba ɗaya, na mako ɗaya

Wani zai ce nasarar ba ta ƙwarewa ba ce, ƙarfin kamfani ne da sa'a. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma tarihin bai goyi bayansa sosai ba.

Su kansu 'yan ƙungiyar ba su yarda da waƙar ba. Saura kaɗan a cire ta daga kundin, a ƙarshe aka tura ta can wutsiya, ita ce waƙa ta goma kuma ta ƙarshe a Toto IV. Lukather ya ce in ta yi kasuwa zai yi gudu tsirara a babban titin Hollywood. Dokin da suka sa wa kuɗi shi ne "Rosanna", wadda ta yi mako biyar a lamba biyu a 1982. Ta biyu da aka fitar a Amurka, "Make Believe", lamba 30 ta tsaya, da kamfani ɗaya da kuɗin talla ɗaya. "Africa" ce ta uku. Ranar 5 ga Fabrairu 1983 ta ture "Down Under" ta Men at Work daga saman jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗari, bayan mako ɗaya waccan ta dawo ta karɓe kujerarta. A Birtaniya lamba uku ta kai. Ita kaɗai ce waƙar Toto da ta taɓa hawa lamba ɗaya a wannan jadawalin. A bikin ba da kyautar waƙa na Grammy na wannan watan suka kwashi kyautuka shida, har da ta kundin shekara, amma kyautar faifan shekara "Rosanna" aka ba.

Mako ɗaya ke nan tak. Wata ɗaya bayan haka "Billie Jean" ta Michael Jackson ta hau ta yi mako bakwai.

Ya kamata kuma a san abin da jadawalin ke aunawa. A 1983 ba a ƙirga ciniki da na'ura, sai a 1991 aka fara. Rahoto ake karɓa daga shagunan faifai da gidajen rediyon Amurka, su faɗi abin da ke tafiya a wurinsu. Ma'aunin kunnen Amurka ne, kuma kunnen masu zaɓa wa gidajen rediyo waƙa. Rok mai sanyi ya dace da wannan kunnen kamar an auna. Tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, MTV, wadda aka buɗe a 1981, a lokacin da ƙyar take sa bidiyon baƙar fata. Shi ya sa ban ɗauki lamba ɗayar nan a matsayin hukunci a kan wa ya fi iya kiɗa a duniya ba. Hugh Masekela na Afirka ta Kudu ya hau wannan kujerar da ƙahonsa a 1968, shekara 15 kafin Toto. Na baya-bayan nan kuwa a duba yadda suka shiga: Wizkid ya hau lamba ɗaya a 2016 a cikin waƙar Drake, "Essence" ta shiga goman farko a 2021 bayan an sa Justin Bieber, "Calm Down" ta Rema ta kai lamba uku a 2023 tare da Selena Gomez. Kusan kowa sai da ɗan gari ya riƙe masa hannu. Ƙofar gidan wasu ce, su ke da sakata.

Ƙarfin kamfani zai iya bayyana Fabrairun 1983. Abin da ba zai iya bayyanawa ba shi ne abin da ya faru bayan shekara 35. Jeff Porcaro ya rasu tun 1992. Waƙoƙi nawa ne suka yi mako huɗu ko biyar a saman jadawalin a waɗannan shekarun, yau ko masu su sun manta da su? Wannan kuwa yaran da ba a haifa ba lokacin da ta fito su suka tono ta. A ƙarshen 2017 wata yarinya 'yar shekara 14 a jihar Ohio ta buɗe shafi a Twitter ba don komai ba sai don ta matsa wa ƙungiyar Weezer su sake rera ta. Suka ja mata rai, suka fara sakin "Rosanna" don tsokana, sannan a watan Mayun 2018 suka saki "Africa", ta sake shiga jadawalin Billboard. Ta asalin kuma ta wuce sauraro biliyan ɗaya a Spotify. A 2019 wani mai fasaha, Max Siedentopf, ya kai lasifika shida da batir mai aiki da hasken rana cikin hamadar Namib, ya bar waƙar tana ta maimaita kanta a wurin da bai bayyana ba. Waƙar ruwan sama a ɗaya daga wuraren da suka fi ko'ina bushewa a duniya, ba mai ji sai ƙadangaru.

Wasu na cewa duk wannan barkwanci ne, yara na son ta ne don tsufanta da shirmen baitocinta. Wataƙila da haka aka fara. Amma ba a sauraron abin dariya sau biliyan. Abin da ke riƙe mutum shi ne zoben nan da ke tafiya a ƙasa ba ya gaggawa, da yadda baiti ke zaune a ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, sai ganguna su yi 'yar gangara, amshi ya buɗe sama da muryoyi a jere. Ɗan ƙanwata bai san rabin abin da ake faɗa ba. Ya ji dai wurin da amshin ya buɗe, ya ga ya dace da lokacin da ruwa ya sauko a kan kwano. A wannan kam kunnensa bai yi kuskure ba, rubutun da ya yi a ƙasa ne ya yi.

Wa ya buga?

Ban ce yaron ya goge ba. Na ce ya cire "waƙar nahiyarmu" ya bar sauran. Ya ce, "To Kawu," ban kuma bi na duba ko ya cire ba.

Da muka haɗu da Malam a majalisa da daddare, ya sake tayar da maganar, ya ce na fiye sassauci. Na ce masa ya lura da wani abu. Duk abin da na faɗa masa a kan waƙar nan, sunan situdiyo, shekara, wanda ya buga konga, wanda ya busa sarewa, sunan fiyano, har yawan mintunan da aka yi ana bugu kafin a yanke tef, ba don ina da wani ilimi na musamman ba ne. An rubuta sunayen a bayan kwalin faifan, makaɗan sun yi hira da mujallu, an adana. Saboda haka ne kuɗin waƙar ke bin masu ita har yau, har magadan wanda ya rasu. Saboda haka ne kuma ni da ke nan zan iya kama su da kuskuren Kilimanjaro, in kuma wanke su daga zargin sata.

Sai na ce, "Malam, kai ne malamin tarihi. Waƙar kumbon nan ta Shata da kai ma ka haddace, a ina aka ɗauke ta, a wace shekara, kuma wa ke riƙe da babban kalangu a ranar?"

Ya ajiye kofin shayinsa, ya gyara hula, ya ce zai tambaya ya gaya mini. Yau wata biyu ke nan, har an yi noman farko.